AMSOSHIN TAMBAYOYINKU: Irin Kittani, Abinci Ne Ko Magani?

A wannan fili namu muke buga amsoshin da muka bayar ta rediyo, domin wanda aikin gona ko cin kasuwa ya hana shi zama kusa da akwatinsa ya samu ya karanta, ko kuwa a karanta masa.

A wannan mako saƙonni har guda huɗu ne suka haɗu a kan abu ɗaya, wato wasu 'yan ƙwayoyi masu sheƙi da ake gani yanzu a shagunan masu magungunan gargajiya da manyan kantuna, waɗansu suna ce musu filaksid, waɗansu kuma bizirul kattani. Wani mai sayar da hatsi da kayan yaji daga Gumel yana so ya san ko mene ne wannan iri, kuma ko shi ne riɗin Turawa kamar yadda ya ji ana faɗa. Wata uwargida daga Maraɗi ta ce an gaya mata yana maganin taurin bayan gida, tana neman yadda ake shan sa. Wani matashi daga Funtuwa ya ce mahaifinsa mai fama da hawan jini ya ajiye ƙwayoyin asibiti ya koma shan wannan iri, saboda mai talla ya tabbatar masa shi kaɗai ya wadatar. Sai kuma wani manomin rani daga Kura da yake tambaya ko zai yi a gonarsa.

To, madalla. Mun gode muku duka, kuma za mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

MENE NE SHI, DAGA INA YAKE?

Malam na Gumel, wannan iri ba riɗi ba ne, ba su ma haɗa dangi ba. 'Ya'yan wani tsiro ne da Larabawa suke kira kattan, wanda daga zarensa ake saƙa yadin nan na kittani, ko lilin. Tsiron siriri ne, tsawonsa bai cika wuce ƙugun mutum ba, yana da fure shuɗi mai kyan gani wanda yake buɗewa da safe ya zube kafin rana ta yi nisa. Bayan furen sai ya yi ɗan ƙoƙo kamar ƙwayar gujjiya ƙarama, a cikin kowanne akan sami 'ya'ya har zuwa 10. Ƙwayar ta ɗan fi riɗi girma, shimfiɗaɗɗiya ce, mai santsi da sheƙi, bakinta ɗaya da tsini. Akwai mai ruwan ƙasa, akwai kuma mai ruwan zinariya, amfaninsu kusan ɗaya ne. A kula kada a rikita shi da 'ya'yan lafsur, waɗanda ake kira habbatur rashad, domin su sun fi shi ƙanƙanta, sun fi shi ja, kuma suna da yaji a baki.

Tsiro ne mai tsohon tarihi. Shekaru dubbai ke nan ana noma shi a Gabas ta Tsakiya, kuma gawawwakin Fir'aunonin Masar da ake tonowa, da yadin kittani aka naɗe su. Sunan da masana tsirrai suka ba shi da harshen Latin ma, ma'anarsa ita ce "mafi amfani". A yau ƙasashen da suka fi noma shi su ne Rasha da Kazakistan da Kanada da Sin. A nahiyarmu ta Afirka kuwa, mutanen Habasha ne gwanayensa. Suna noma shi a kan tsaunukansu masu sanyi, suna kiran sa talba, sukan soya shi sama-sama su niƙa, su dama da ruwa da zuma su sha. Mutanen Masar su kuma man suke tatsa su zuba a kan dafaffen wakensu na karin kumallo.

Abin da ke cikin ƙwayar kuwa, idan ka kasa ta ɗari, wajen kashi 40 mai ne, wajen kashi 20 sinadarin gina jiki ne irin wanda ake samu a wake, sa'an nan fiye da kashi 25 dusa ce wadda ciki ba ya narkar da ita. Abubuwa uku ne suka ɗaukaka shi a wurin masana. Na farko, fiye da rabin man nan nasa wani nau'i ne da ake kira omega-3, wanda jikin ɗan Adam yake bukata amma ba ya iya haɗa shi da kansa, sai daga abinci. Na biyu, ɓawonsa yana da yauƙi. Jiƙa cokali ɗaya a ruwa ka bar shi ɗan lokaci, za ka ga ya yi yauƙi kamar miyar kuɓewa ko karkashi. Na uku, akwai wani sinadari mai suna liginan, wanda babu wani abincin da aka sani da ya fi wannan iri yawansa.

TAURIN BAYAN GIDA

Uwargida ta Maraɗi, abin da aka gaya miki gaskiya ne, kuma a cikin duk amfanin da ake jingina wa irin kittani wannan ne ya fi tabbata. Hukumar kula da magunguna ta Tarayyar Turai ta amince da shi a kan wannan larura. Yadda yake aiki ba wani sihiri ba ne. Idan ya isa hanji sai ya tsotsi ruwa ya kumbura, yauƙin nan ya tausasa bahaya ya sa masa santsi, shi kuma hanji da ya ji ya cika sai ya motsa ya tura. Mai fama da basir ma yakan sami sauƙi ta wannan hanya, tun da yunƙurin tsiya a bayan gida yana cikin abubuwan da ke tayar da shi.

Ƙa'idar da wannan hukuma ta bayar ga baligi ita ce giram 10 zuwa 15, sau biyu ko sau uku a yini. Giram 10 kuwa shi ne kimanin babban cokali ɗaya, irin na cin abinci, na ƙwayar da ba a niƙa ba. Kowane sha kuma a bi shi da ruwa aƙalla mililita 150, wato kusan sulusin ledar ruwan nan da ake sayarwa a tasha. In an ƙara a kan haka ya fi kyau. Ki riƙe wannan magana ta ruwa da hannu biyu, domin abin da yake kumbura a hanji, in aka haɗiye shi a bushe yana iya kumbura a maƙogwaro, ko ya cunkushe a hanjin ya ƙara tsananta abin da ake gudu.

Shawararmu ita ce ki fara da ƙaramin cokalin shayi ɗaya ko biyu a yini, ki riƙa ƙarawa sannu a hankali cikin mako guda. Wanda ya afka masa da yawa tun ranar farko zai sha fama da kumburin ciki da iska. Kada kuma ki sa ran gani-yanzu, domin yakan ɗauki rabin yini zuwa yini guda kafin ya fara aiki, wani lokaci sai bayan kwana biyu ko uku ake ganin cikakken amfaninsa. Idan an kwana uku babu wani canji, a dakata a nufi asibiti.

Ga waɗanda bai halatta su sha shi don wannan larura ba, sai likita ya duba su: wanda ciki yake murɗa masa ƙwarai tare da amai, iska ma ba ta fita, domin wannan alama ce ta toshewar hanji, kuma aikin gaggawa ne. Haka nan wanda yake ganin jini a bahaya ba a san dalili ba, da wanda yanayin bayan gidansa ya canja farat ɗaya har ya wuce mako biyu, da mai wahalar haɗiya. Yara 'yan ƙasa da shekara 12 su ma ba a ba su shi a matsayin magani.

HAWAN JINI DA KITSEN JINI

Yanzu sai mu zo kan wasiƙar da ta fi tayar mana da hankali. Samari na Funtuwa, kafin mu ce komai, don Allah ka lallashi Baba ya koma kan maganinsa, ka kuma raka shi a auna jininsa cikin wannan mako. Kada a saki reshe a kama ganye. Hawan jini ciwo ne mai lalata jiki a ɓoye. Mutum yana iya jin garau alhali kuwa jinin yana can sama, sai dai a wayi gari a ji ɓarin jiki ya shanye, ko ƙoda ta gaza, ko zuciya ta buga.

Mai tallan nan ya ɗauko 'yar gaskiya ce ya hura ta. Ga asalin maganar. A shekarar 2013 aka buga sakamakon wani bincike da likitoci suka yi a birnin Winifeg na ƙasar Kanada. Sun ɗauki mutum 110 masu ciwon toshewar jijiyoyin jini na ƙafa, waɗanda akasarinsu suna da hawan jini, suka raba su gida biyu. Kashi ɗaya aka riƙa ba su abinci mai giram 30 na niƙaƙƙen irin kittani kullum, wato kimanin manyan cokula 4, ɗaya kashin kuma abinci mai kama da shi amma babu irin a ciki. Bayan wata 6 sai aka tarar lambar sama ta awon jinin masu cin irin ta yi ƙasa da ta sauran da kimanin 10, lambar ƙasa kuma da kimanin 7. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. To amma abin da masu talla ba sa faɗa shi ne, yawancin mutanen nan suna shan magungunansu na asibiti a lokacin binciken, irin ƙari ne a kan magani. Bugu da ƙari, da masana suka tattara bincike-bincike da yawa na wurare daban-daban suka haɗa lissafi, sai suka ga matsakaicin saukar bai wuce 2 zuwa 3 ba.

To ka gani, mutumin da jininsa yake 180, ana so a sauko da shi ƙasa da 140, ina ragin 3, kai ko da 10 ne, zai kai shi? Idan Baba yana sha'awar irin, babu laifi ya riƙa zuba shi a kununsa, amma tare da maganinsa, kuma da sanin likitansa. Akwai ma abin da ba ya bukatar ko kwabo, wato rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano a miya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da baligi zai ci a yini ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda yake cikin abincin.

Game da kitsen cikin jini, wanda likitoci ke kira kolastarol, nan ma akwai shaida. A shekarar 2014 ma'aikatar lafiya ta Kanada ta yarda a riƙa rubutawa a jikin kayan abinci cewa niƙaƙƙen irin kittani yana taimakawa wajen rage shi, kuma adadin da ta ambata shi ne giram 40 a yini, wato manyan cokula 5. Ragin matsakaici ne, kuma a garin irin aka fi ganin sa, ba a tataccen mansa ba, saboda dusar da yauƙin ne suke yin yawancin aikin. Masu ciwon sukari su ma an ga yana ɗan rage musu sukarin jini, sai dai nan ma taimako ne kawai, ba ya maye gurbin allura ko ƙwaya.

Akwai kuma abubuwan da ake faɗa waɗanda aka gwada aka ga ba haka ba ne. Ana tallata shi ga mata da cewa yana kawar da zafin jiki da gumin nan da ke taso musu lokacin ɗaukewar al'ada. Likitocin asibitin Mayo na Amurka sun jagoranci gwaji a kan mata 188, aka buga sakamakon a shekarar 2012, kuma ba a sami bambanci tsakanin waɗanda suka ci irin da waɗanda ba su ci ba. Duk wanda kuma ya ce muku yana warkar da ciwon daji, wato kansa, ku riƙe kuɗinku. Babu wata hukumar lafiya da ta amince da shi a matsayin maganin wannan ciwo, kuma kowane wata da mai ƙari a nono ta ɓata tana shan gari a gida, ciwon gaba yake yi.

YADDA AKE SARRAFA SHI

Ɓawon ƙwayar yana da tauri da santsi, saboda haka in aka haɗiye ta ɗungurungum, da yawa takan fita yadda ta shiga. Don taurin bayan gida wannan bai hana ta aiki ba, amma mai neman amfanin man da sauran sinadaran, dole ya daka ko ya niƙa. A ɗan soya shi sama-sama a kasko, kada a bari ya ƙone, a daka a turmi mai tsabta, sa'an nan a zuba babban cokali ɗaya ko biyu a koko ko kunu ko fura da nono, ko a barbaɗa a miya bayan an sauke. Wannan adadi ya ishi mai lafiya a yini.

Kada a daka mai yawa a ajiye. Man da ke cikinsa ba ya jure iska da zafi da hasken rana, a irin zafin ƙasarmu kuwa nan da nan yake lalacewa. A daka na mako guda, a zuba a gwangwani ko kwalba mai murfi, a ajiye a wuri mai sanyi da duhu. In ka ji garin yana ɗaci ko yana warin fenti, ya lalace, a zubar. Tataccen mansa kuma ba a suya da shi.

Malam na Gumel da sauran 'yan kasuwa, ga naku. In za ku sara, ku sari ƙwayar da ba a niƙa ba, domin ita tana iya kai wa wajen shekara in ta sami wuri busasshe mai sanyi. Kada a shanya ƙullin garinsa a kan tebur cikin rana. Kuma ku gaya wa mai saye gaskiyar abin da yake yi, domin wanda ya ajiye maganinsa saboda maganarku, alhakinsa yana wuyanku.

ABUBUWAN KIYAYEWA

Manoma sun san rogo mai ɗaci, sun san ba a cin sa ɗanye sai an jiƙa an sarrafa. To irin kittani ma yana ɗauke da ɗan sinadari dangin wanda ke cikin rogon nan, sai dai kaɗan ne. Cokali ɗaya ko biyu a lokaci guda ba ya cutar da baligi, kuma dahuwa tana rage shi ƙwarai. Amma kada a ɗirki ɗanyen garinsa da ludayi, kada a ci wanda bai nuna ba, kada kuma a ɗura wa ƙananan yara.

Mai shan kowane irin magani ya bar tazarar aƙalla awa ɗaya tsakaninsa da irin, domin yauƙin yana iya hana jiki tsotse maganin yadda ya kamata. Masu shan magungunan tsinka jini, da masu shan na sukari, su sanar da likita kafin su mai da shi abincin kullum. Mai juna biyu da mai shayarwa, da matar da aka taɓa samu da ciwon dajin nono ko na mahaifa, kada su sha shi a matsayin magani sai da izinin likita, saboda liginan ɗin nan yana ɗan kwaikwayon sinadarin mata a jiki.

Sai babban gargaɗi. Akwai man wannan iri da ake sayarwa a shagunan fenti da kayan gini, wanda kafintoci suke shafa wa katako, masu fenti kuma suke haɗawa da shi. Wannan ba na ci ba ne, domin akan zuba masa sinadarai masu guba don ya bushe da wuri. Tsumman da aka goge shi da shi ma, in aka dunƙule aka tara a lungu, yana iya yin zafi ya kama wuta da kansa. A shanya irin wannan tsumma a fili, ko a jiƙa shi a ruwa.

ZAI YI A GONARMU?

Malam na Kura, irin kittani ɗan sanyi ne kamar alkama. Shi ya sa a Masar da Indiya da hunturu ake shuka shi, a Habasha kuma a kan tudu. Yakan ɗauki wata 3 zuwa 4 kafin ya nuna, kuma in zafi ya same shi yana cikin fure, 'ya'yan sukan ragu, man ma ya ragu. Ba ya iya kokawa da ciyawa, sai an tsaya masa da nome. Matsakaicin abin da ake samu a duniya kuwa bai wuce wajen tan ɗaya a hekta ba. Saboda haka in kana son gwaji, lokacin shukar alkama ne lokacinsa, kuma ka tsaya a fangali ɗaya ko biyu, bayan ka yi shawara da malamin gona. Kada ka ba shi filin alkamarka ko na tumatirinka tun ba ka san wanda zai saya ba. Makiyaya kuma su sani cewa tunkuzar da ke saura bayan an tatse man abincin shanu ce mai kyau a ƙasashen da ake noma shi.

WANDA BA SHI DA HALIN SAYE FA?

Kada ya damu, kada kuma ya ci bashi saboda shi. Yauƙi da dusar da ake nema a cikinsa, Allah ya hore mana su a kuɓewa da kuka da lalo da karkashi, da wake, da gero da dawa waɗanda ba a surfe su fes ba. Riɗinmu yana da nasa nau'in liginan. Waken suya yana da ɗan omega-3 irin na kittani. Kifin teku mai maiƙo kuwa, irin su sadin da taitus, nasa omega-3 ɗin ya ma fi saurin amfani, domin na cikin tsiro sai jiki ya juya shi tukuna, kuma kaɗan ne yake iya juyawa. Irin kittani abinci ne mai kyau wanda yake da wurinsa a cikin kwano, ga wanda ya same shi cikin sauƙi.

To jama'a, nan za mu dasa aya a wannan mako. Samari na Funtuwa, muna jiran ka sake rubuto mana ka gaya mana lambar da aka samu da aka auna Baba. Sauran masu tambaya kuma ku yi haƙuri, saƙonninku suna nan a hannu, za mu bi su bi da bi. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa albarka a noma da kasuwa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.